Jiki na gane abin da aka gwada masa

Ya kai mai karatu, akwai wata magana da ke yawo a garuruwanmu duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka fito da allurar sanƙarau. Ana jin ta a kasuwar Ƙonni ran Laraba, ana jin ta a tashar Malbaza, ana jin ta bakin rijiya a ƙauyukan Illela. Sai ka ji mutum ya ce: "Ai an yi muna tun tuni. In ta farko ta yi aiki, mi ya kawo ta biyu? In kuwa ba ta yi ba, mi zai sa in yarda da wagga?" Wanda ya faɗi haka yana da hankalinsa. Tambaya ce mai kai, kuma amsa ta kamace ta, ba tsawa ba. Ni dai ra'ayina shi ne a karɓi allurar, a kai yara, a kuma adana karne. Amma ba na son ka yarda don malamin yaƙi da jahilci ya faɗa. Ina son ka ga yadda abin yake tafiya cikin jiki, sannan ka auna da kanka.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ka ɗauke su tamkar gidajen babban birni, kowane gida da katangarsa. Cikin jini kuma akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin birnin. To ga inda wuyar take: soja ba ya iya leƙa cikin gida. Wasu cututtuka kuwa, kamar baƙon dauro, cikin gida suke shiga su ɓuya, su mai da gidan wurin hayayyafa. Ƙaƙa soja zai san gidan da ɓarawo ya kwana?

Ga dabarar da Allah ya yi wa jiki. Kowane gida yana da faifai a ƙofar zaure. Duk abin da ake ƙerawa cikin gidan, sai a gutsuro ɗan kaɗan a fito da shi a aza bisa faifan, dare da rana, ba hutu. Abin da ake gutsurowa shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, irin wanda ke cikin nama da wake. Furotin kamar carbi yake, ƙwaya bayan ƙwaya a jere bisa zare. Guntun da ake azawa a faifai bai wuce ƙwaya 8 zuwa 10 ba. In gida lafiya yake, guntayen da ke faifai na ƴan gida ne, soja ya duba ya wuce abinsa. In ƙwayar cuta ta shiga ta fara ƙera kayanta a ciki, to dole guntun kayanta ya fito bisa faifan tare da sauran. Gidan da kansa ya tona asirin baƙonsa ke nan. Masana suna ce wa wanga faifai MHC, na ɗan Adam kuma HLA. Mu dai mu ci gaba da ce masa faifai.

Sojojin da ke duba faifai ana kiran su ƙwayoyin T. Abin mamaki game da su shi ne, kowane soja guntu iri ɗaya rak ya sani. Kamar a ce kana da jandarmomi miliyoyi, kowa an ba shi hoton mutum guda ya riƙe. In ya ga wanda ke cikin hotonsa sai ya kama, in bai gan shi ba, ko ɓarayi ɗari ne suka gifta ba ruwansa. Kuma ba guntun kaɗai yake dubawa ba, har da bakin faifan da ke riƙe da shi. In ka jefa masa guntun a ƙasa ba faifai, ba zai gane shi ba.

Wanga sani bai daɗe a duniya ba. A 1974 ne wasu masu bincike biyu, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty, suna aiki da ɓeraye a birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya, suka lura cewa sojan T ba ya kashe gidan da cuta ta shiga sai in faifan gidan irin nasa ne. A 1987 wasu a Amurka suka samo siffar faifan kanta, suka ga ashe yana da ɗan kwari a bisansa kamar kwami, guntun furotin na kwance a ciki. An bai wa Zinkernagel da Doherty lambar yabo ta Nobel a 1996. Ka riƙe wagga shekara, za mu sake gamuwa da ita.

Kana iya tambaya, mi ya hana sojojin su afka wa ƴan gida? Suna da lakwal. Bayan ƙashin ƙirji akwai wata ƴar tsoka da ake ce wa timus, babba ce ga yaro, tana shanyewa in an girma. Nan ake horar da su. Ana gwada wa kowane sabon soja faifan gida da guntayen ƴan gida. Wanda bai iya ganin faifai ba sam, ba a yaye shi. Wanda kuma ya zabura zai kai wa ɗan gida sara, shi ma ba a yaye shi. Fiye da 9 cikin 10 a nan suke mutuwa. Jarabawar ta fi ta bireve tsanani nesa ba kusa ba.

Faifan nan kuwa kowa da irin nasa. Rabi ka gada daga uba, rabi daga uwa, kuma irinsa a duniya dubbai ne, tamkar zanen aska da ake gane zuri'a da shi a da. Shi ya sa in za a dasa wa mutum ƙoda ake neman wanda faifansu ya yi kusa, don kada sojojin mai karɓa su ɗauki ƙodar abokiyar gaba. Kuma wani faifan ya fi wani iya riƙe guntun wata cuta. A 1991 an yi bincike kan yara a ƙasar Gambiya, aka ga masu wani faifai da ake kira HLA-B53 ba su cika faɗawa cikin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba kamar sauran. Wanga faifai yana da yawa ga mutanen Afirka ta Yamma, ƙaranci gare shi a Turai. Don haka in ka ga cuta ta shiga gari ta kwantar da wanga ta bar wancan, kada ka yi saurin zargin maƙwabciya da maita. Wani lokaci bambancin faifai ne.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi shafar maganarmu. Akwai faifai na biyu, kuma ba kowane gida ke da shi ba. Na wasu ƴan sintiri ne da ke zaune ƙarƙashin fata da cikin hanci da maƙogwaro. Aikinsu haɗiye duk baƙon abin da suka tarar a waje. In sun haɗiye sai su daddatsa shi, su aza guntayen bisa faifansu, su kama hanya zuwa barikin sojoji. Barikin nan ka san shi sarai. Shi ne kaluluwa, wadda ke fitowa a hammata ko a matsematsi in ka ji ciwo a hannu ko a ƙafa. A can ɗan sintiri yake tsayawa da faifansa, sojoji suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har a dace da mai hoton. Wanga soja shi ake ce wa mataimaki, ko CD4. Shi ba ya kisa da hannunsa, umarni yake bayarwa. Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon sida likita ya ji ana maganar lissafin CD4. To su ne waɗannan mataimaka, kuma su ƙwayar sida take kashewa. In masu ba da umarni sun ƙare, ka san halin da bariki zai shiga.

In an dace da mai hoton, sai ya shiga hayayyafa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai. Cikowar da barikin ke yi ita ce kumburin da kake ji da yatsa. Sannan mataimaka su je wajen wasu fararen ƙwayoyi da ake kira B, su ne maƙeran kibau, su ba su izini. Kibau su bazu cikin jini suna manne wa ƙwayar cutar. In yaƙi ya ƙare ba a sallami kowa da kowa ba, ana ajiye wasu tsofaffin sojoji masu tuna fuskar abokin gaba, shekara da shekaru.

Duk wagga hidima tana cin mako guda zuwa biyu a karon farko. Ka ji inda gizo ke saƙar. Sanƙarau ba ya jiran mako. Yaro yana wasa da safe, da la'asar zazzaɓi da ciwon kai, kafin gobe wuya ya sandare, wani ma bai kai jibi ba. Ko an samu magani, kusan 1 cikin 10 yana rasuwa, kuma cikin waɗanda suka tashi wajen 1 cikin 5 ana barin su da kurumta ko wata naƙasa. Sojojin yaron ba ragwaye ba ne, lokaci ne bai ishe su ba. Allurar rigakafi kuwa ba komi ba ce illa kai wa bariki hoton ɓarawo tun bai iso gari ba. Babu ƙwayar sanƙarau mai rai a cikinta, ɓangaren jikinta ne kawai.

Mu a nan muna tsakiyar yankin da ciwon ya fi addaba, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Wani lokotoron sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ne ya zana iyakarsa a 1963. Ciwon yana tashi da hazo da ƙurar hunturu, ya yi ƙarfi da bazara, ya kwanta in ruwan sama ya sauka. Manya ba su manta 1995 a Nijar ba. A 1996 zuwa 1997 kuma, shekarar da ake bai wa masanan nan lambar yabo, mutum fiye da 250,000 suka kamu a yankin, fiye da 25,000 suka rasu.

A lokacin akwai allura, kuma da yawanmu an yi muna ita. Amma tana da rauni, kuma raunin nata yana komawa ga faifan nan. Ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga ta wani irin sukari. Tsohuwar allura wagga riga ce tsura. To faifai furotin yake ɗauka, ba ya ɗaukar wanga sukari. Maƙeran kibau suna ganin rigar, suna ɗan ƙera kibau da kansu, amma ba su da abin da za su aza a faifai su gwada wa mataimaki. Ba izini, ba tsofaffin sojoji masu tunawa. Shi ya sa kariyarta ba ta wuce kamar shekara 3 ba, ba ta kuma kama yara ƴan ƙasa da shekara 2 sosai ba. Wanda ya ce "an yi mani a wancan zamani amma ciwon ya dawo garinmu", gaskiya ya faɗa.

Sai masana suka yi wata dabara, kuma ni duk cikin labarin nan ita ta fi burge ni. Suka ɗaure sukarin da guntun furotin, suka ɗauko furotin ɗin daga allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, wanda an riga an kashe dafinsa. Maƙeri ya ga sukarin da ya sani, ya haɗiye shi, furotin ya bi shi ciki don a ɗaure suke. Ya daddatsa furotin, ya aza bisa faifai. Mataimaki ya zo ya gane guntun, ya ba da izini. Maƙeri kuwa kibau na sukari ya iya ƙerawa, su ya ci gaba da yi, amma yanzu da ƙarfi, kuma da ajiyar masu tunawa. Kamar baƙo ne da ba a san shi a fada ba, ya riƙo hannun wanda aka sani, aka buɗe masu ƙofa tare.

Wagga allura ita ce MenAfriVac. Wani kamfani na ƙasar Indiya, Serum Institute, ya yi ta musamman don ƙasashenmu, kuɗin guda bai kai rabin dalar Amurka ba, wato wajen dala hamsin na sefa. An fara ta a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, aka bi jihohinmu har cikin 2011, ana yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29. A 2017 aka shigar da ita cikin alluran jarirai, ga ɗan wata 9. Ta yi abin da tsohuwar ba ta yi ba. Ka san mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro suna lafiya lau, suna raba ta da tari da atishawa. Sabuwar allura tana hana ƙwayar zama a maƙogwaro, don haka har wanda ba a yi wa ba yana samun sauƙi. A 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce tun 2017 ba a sake samun irin sanƙarau da aka yi allurar dominsa ba a yankin. Irin nan kuwa shi ne ke haddasa fiye da 8 cikin 10 na annobar da.

Na ce "irin da aka yi allurar dominsa", kuma a nan amsar tambayar kasuwa take. Ƙwayar sanƙarau ƴan uwa ne da yawa, kowa da launin rigarsa. An raɗa masu sunaye da baƙaƙe: A, C, W, X, Y da sauransu. MenAfriVac hoton A kaɗai ta kai bariki. Ka tuna kibau da sojoji abin da aka gwada masu suka sani. Da aka kori A, sai C ya ɗago kai. Ya fara bayyana a jihohin Sakkwato da Kebbi a 2013 da 2014, nan kusa da mu. A 2015 ya faɗa wa Nijar, musamman Yamai da Doso, mutum fiye da 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. A 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, fiye da mutum 1,000 suka rasu a Najeriya. Mu da ke Ƙonni, tsakaninmu da Illelar Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce. Masu albasar Galmi suna tsallakawa, masu shanu suna tsallakawa, ana aure ana biki tsakanin juna. Ma'aikacin duwan yana iya buɗe buhu, amma ba ya buɗe maƙogwaro.

To ashe allurar 2010 ba ta yi ƙarya ba, aikinta ta yi ta gama da A. Wani ɓarawon ne daban ya zo da wata riga. Don haka aka yi wata sabuwa mai hoto biyar, A da C da W da Y da X, da dabarar nan ta ɗaure sukari da furotin. Ana kiran ta Men5CV. OMS ta amince da ita a 2023. Najeriya ce ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ma ta yi aiki da ita a shekarar. Ko ita ba ta rufe kowace ƙofa ba, don akwai wasu ƙwayoyin daban masu kawo sanƙarau, kamar wadda ke kawo ciwon haƙarƙari. Ita ma tana da tata allurar cikin alluran jarirai. Dalili ke nan da ya sa layukan karne suke da yawa.

Ban ce duk mai shakka ba shi da hujja ba. A 1996, cikin annobar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin wani gwaji na yara wajen 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Magani ne na masu ciwo, ba allurar rigakafi ba, amma tabon ya zauna a zukatan Hausawa ko'ina. Ga kuma jabu: a 2015 OMS ta yi gargaɗi cewa akwai alluran sanƙarau na ƙarya da ke yawo a Nijar. Abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, mu riƙa tambaya. Wace allura ce? Ta wane iri ce? A rubuta mani a karne. Kada kuma a sayi allura hannun mai tallar magani bisa tire ko bisa keke, komi arharta. Masu cewa tana hana haihuwa kuwa, su dubi ƴan matan da aka yi wa a 2010 da 2011. Yau su ne ke goye da ƴaƴa a layin awo.

Su ma ma'aikatan likita ina da magana da su. Mace ta baro ƙauye tun asuba, ta bar daka da ɗiban ruwa, ta iso a ce mata yau ba ranar allura ba ce, ko a daka mata tsawa don karne ya yi datti. Wagga mace da wuya ta dawo. Minti biyu na bayani da harshen da take ji ya fi tsawa amfani.

Saura maganar zazzaɓi. Uwaye da yawa suna gudun allura ta gaba don ta baya ta sa yaro ya kwana da zafin jiki, wurin ya ɗan kumbura. Kai da ka biyo ni tun farko ka san mi ke faruwa: ƴan sintiri sun ɗauki faifai sun nufi bariki, sojoji suna taruwa. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce. A ba yaro nono da ruwa, a rage masa tufafi. In zafin ya yi tsanani, ko ya wuce kwana biyu, ko kumburin ya yi ruwa, a koma likita a gwada masu. Kuma a sani kariya ba ta kankama ran da aka yi allura, sai bayan kamar kwana 10. Wanda ya ce zai jira sai ciwon ya shigo unguwarsu sannan ya kai ɗansa, ya ci kwanakin nan tun a gida.

Ke kuma uwargida da ke zaune cikin ajinmu, yanzu kin iya baƙaƙe. In kin koma gida ɗauko karnen yaronki ki duba layukan da aka cika da waɗanda ba a cika ba. In kin ga gurbi, ki tafi da shi likita ki aza yatsa a wurin ki ce a gaya maki ta mi ce, kuma yaushe za ki dawo. Ko da an yi wa yaro allura, in kin ga zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, ko amai, ko ba ya son haske, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumburo, kada a tsaya jiƙo ko turare, kada a jira gari ya waye. A nemi babur ko amalanke a kai shi likita mafi kusa a daren.